Masu Haɗa Jirgin Sama A Gida, Da 'Ya'yanmu Mata

 Yau na zo muku da zancen da na san wasunku za su ce me ya kawo shi wannan fili namu, gama ba na girki ba ne, ba na reno ba, ba kuma na zaman aure ba. Amma in kun yi haƙuri kuka bi ni sannu, za ku ga ya taɓa renon, ya kuma taɓa zaman auren. Zancen jirgin sama ne, irin wanda mutum ke saye a wargaje cikin akwatuna, ya haɗa shi da hannunsa a gidansa, sa'an nan ya shiga ciki ya tashi.

Ga abin da ya jawo maganar. Kwanan baya na je barka wani gida, sai na iske yara maza a zaure sun baje karan dawa da gwangwanin madara da waya, suna ta ƙera motoci yadda suka saba. A cikinsu akwai wata yarinya da ba za ta wuce shekara tara ba, ita kuwa jirgin sama take yi. Ina tsaye ina kallo sai uwarta ta leƙo ta daka mata tsawa, ta ce, "Ke! Tashi ki ba mutane wuri. Mace da wasan maza? Wa zai auri makaniki?" Yarinya ta yar da abin ta shige ciki. Na sunkuya na ɗauka na duba. Fukafukan nan biyu tsawonsu ɗaya cif, don da tsinken tsintsiya ta auna su kafin ta yanke karan, ga tsinken nan a ƙasa ta karya shi daidai awo. Babu wanda ya koya mata cewa in fiffike ɗaya ya fi ɗaya tsawo jirgi zai karkace. Tun daga ran nan abin bai bar raina ba.

To, bari in ba ku labarin manya masu irin wannan wasa, waɗanda nasu jirgin yake tashi da gaske.

A ƙasar Amurka wannan sha'ani ya fi ƙarfi. Cikin watan Janairu na 1953 wani matuƙin jirgin soja mai suna Paul Poberezny ya tara abokansa 'yan kaɗan a birnin Milwaukee, suka kafa ƙungiyar masu ƙera jirgi da hannunsu, wadda ake kira EAA a taƙaice. Ofishinta na fari ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne na gidansa, matarsa Audrey ce kuwa ta yi shekara da shekaru tana amsa wasiƙu tana riƙe da sunayen 'yan ƙungiya. Tun daga 1970 suke yin taronsu na shekara a garin Oshkosh, inda jirage fiye da 10,000 kan sauka a yankin cikin mako guda. Jiragen da mutane suka haɗa da kansu aka yi musu rajista a ƙasar sun haura 30,000. Masu yin su kuwa ba wasu aljanu ba ne: akwai malaman makaranta, da manoma, da likitocin haƙori, da tsofaffin da suka ajiye aiki.

Da, sai mutum ya sayi takardar zane kurum, ya nemi katako da ƙarfe da yadi, ya yanka kome da kansa. Daga baya kamfanoni suka fara yanka sassan a ma'aikata, su lanƙwasa, su huda, su jera cikin akwatunan katako su aiko wa mai saye har gida tare da littafin bayani. Wanda ya fi suna cikinsu shi ne kamfanin Van's na jihar Oregon, wanda Richard VanGrunsven ya kafa a farkon shekarun 1970. Jiragensa ana kiransu RV, kuma waɗanda mutane suka haɗa har suka tashi sun wuce 10,000.

Ba a aiko da kayan duka lokaci ɗaya, sai in mai saye ya so haka. Akwatin wutsiya ake fara saye, don shi ya fi araha, kuma a kansa hannu yake faɗawa. In mutum ya ɓata, asarar kaɗan ce. Sa'an nan na fukafukai, sa'an nan na gangar jiki, kana na ƙarashe, watau murfin inji da gilashin sama da ƙafafu. Inji da farfela da agogunan gaban matuƙi daban ake sayensu. Watau dai kamar mai gina gida da albashi, bana a yi harsashi, baɗi a ɗora rufi. Aikin kan ci awa 1,000 zuwa 2,000, wani ma fiye. Ga mai zuwa ofis da rana, wanda ba shi da lokaci sai bayan magariba da ranakun hutu, shekara uku ko biyar ba abin mamaki ba ne, akwai kuma wanda ya shekara goma.

Yanzu ku saurari yadda aikin yake, ku gaya mini ko bai yi muku kama da wani abin da kuka sani ba. Jikin jirgin fallayen alminiyon ne sirara, wasu ba su kai kaurin kwali ba. Ana ɗora falle bisa haƙarƙarinsa, a daidaita huda da huda, a kafa wasu 'yan maƙalai na wucin gadi su riƙe shi, kamar yadda mai ɗinki kan kafa fil ta riƙe yadi kafin ta ɗora a keke. A ƙara buɗa kowace huda daidai awo. Sa'an nan a kwance duka, a bi hudojin nan ɗaya bayan ɗaya a goge kaifin bakinsu, domin ɗan kaifin da aka bari shi ne mafarin tsagewa bayan jirgi ya sha girgiza. A sake haɗawa. Daga nan sai a shiga buga ƙusoshi, 'yan gajeru na alminiyon marasa tsini, kuma a jirgi mai kujera biyu sukan haura 10,000. Kowace ɗaya sai an duba ta: ta zauna daidai? Ta karkace? In ta karkace sai a huda ta a cire a sa wata, kamar dai farke ɗinki.

Ashe ba wannan ba ne aikin da mace mai ɗinkin hula ko saƙa ko kitso take yi kullum? Awo, da bin tsari, da maimaita abu ɗaya sau dubu ba tare da hankali ya tafi wani wuri ba, da yarda a farke in ya karkace. Ƙarfi kaɗan aikin ke so. Wadda ke daka surfe ta fi mai buga ƙusar jirgi kashe ƙarfi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wani abu. Yawancin ƙusoshin nan mutum ɗaya ba ya iya buga su. Ɗaya yana waje da bindigar iska mai bugu, ɗaya yana ciki ya tokare gindin ƙusar da dunƙulen ƙarfe har ta baje ta kama. Ba sa ganin juna sau da yawa, ga ƙara, sai dai da ƙwanƙwasa suke fahimtar juna: a buga, a tsaya, a ƙara. A gidaje da yawa wannan na biyun matar gida ce, ko 'ya, ko ɗa. Na ciki kuwa shi yake ganin yadda ƙusar ta zauna, saboda haka shi ke cewa ta yi ko ba ta yi ba. Maigida ya iya cewa "jirgina" a gaban abokansa, amma rabin ƙusoshin da ke riƙe da ransa a sama uwargida ce ta yanke musu hukunci.

Hannun mata a wannan sha'ani ba sabo ba ne, tun tushe yana nan. 'Yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, da suka fara tashi da jirgi mai inji ran 17 ga Disamba, 1903, masu gyaran keke ne, kuma mahaifiyarsu Susan, 'yar maƙerin keken doki, ita ce mai hannun gyara a gidan. Wurinta yaran ke zuwa in abu ya gagare su. Fukafukan jiragensu yadi ne aka ɗinka aka lulluɓa wa katako. A 1900, da Wilbur ya isa ƙauyen Kitty Hawk ya ga sai ya rage tsawon fiffike, keken ɗinkin matar mai masaukinsa ya ara ya gyara yadin. Da suka gama gwaji suka tafi suka bar abin a kan yashi, matar ta kwashe yadin ta wanke ta ɗinka wa 'ya'yanta mata riguna. Ku ji fa, mace ko'ina mace ce, ba ta ganin yadi mai kyau ta bar shi ya lalace.

Shekara bakwai bayan tashin farko, a 1910, wata mata mai suna Bessica Raiche da mijinta suka ƙera sassan jirgi a cikin falonsu a garin Mineola kusa da birnin New York, da gora da siliki da waya, suka fito da su tsakar gida suka haɗa. Ran 16 ga Satumba ta shiga ta tashi ita kaɗai. Daga baya ta koma aikin likita. A wannan shekara kuma a arewacin ƙasar Ayalan wata mai suna Lilian Bland ta zana nata jirgin, ta ƙera, ta tashi da shi. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, da maza suka tafi fagen fama, mata dubbai ne suka cika ma'aikatun jiragen sama na Amurka da Ingila suna buga irin ƙusoshin da na gaya muku.

Na san wata za ta ce, ai duk Turawa ne. To, mu matso kusa. A ƙasar Ghana, a garin Kpong da ke gefen kogin Volta, akwai wani ƙaramin filin jirgin sama inda aka yi ta haɗa ƙananan jirage na kamfanin Zenith daga akwati. A 2007 wata budurwa 'yar ƙauye mai suna Patricia Mawuli tana sarar itace a daji kusa da wurin, tana ganin jiragen suna wucewa bisa kanta, sai ta je ta nemi aiki. Aka miƙa mata adda aka ce ta tumɓuke kututture. Ta karɓa. Daga kututture ta shiga rumfar aiki, ta koyi haɗa jirgi, ta koyi gyaran injin Rotax har aka ba ta takardar shaida, a 2009 kuma ta sami lasin tuƙi. Bayan haka ta shiga koya wa wasu 'yan matan ƙauye irin abin da ta koya, a nan filin.

A Afirka ta Kudu kuma, a 2019, 'yan makaranta 20, maza da mata, baƙi da farare, suka haɗa jirgi mai kujera huɗu da ake kira Sling 4 cikin mako uku, injiniyoyi na tsaye a kansu suna dubawa. Wata yarinya mai shekara 17, Megan Werner, ita ta jagoranci abin. Waɗanda suka sami lasin cikinsu suka tuƙa shi daga birnin Cape Town har Alƙahira, tafiyar kilomita wajen 12,000, suna yada zango ƙasa ƙasa. Zan komo kan wannan labari, don yana da ƙarshen da bai kamata in ɓoye muku ba.

Abin da zai fi ba ku mamaki shi ne, an yi irin wannan aiki a nan gida, a Kaduna. Jirgin koyon tuƙi na sojojin saman Nijeriya da aka sa wa suna Air Beetle, wanda na farkonsa ya tashi a 1989, asalinsa RV-6A ne na kamfanin Van's ɗin nan, aka yi masa gyare-gyare don ya dace da aikin soja. Guda 60 aka haɗa, kuma matuƙan soja da dama a kansa suka fara koyo. Watau jirgin da wani malamin makaranta ke haɗawa a garejinsa a Amurka, ɗan'uwansa ne aka haɗa a Kaduna da hannun 'yan ƙasa. Ni dai tambayar da nake yi wa kaina ita ce, cikin masu riƙe da dunƙulen ƙarfen nan a Kaduna, 'ya'yanmu mata nawa ne? In babu, ba don aikin ya fi ƙarfinsu ba ne. Tun suna shekara tara muka kore su daga zaure.

Kada dai wata ta ajiye jaridar nan ta ce na ce a sayo jirgi. Ban ce ba, kuma ga dalili.

Na fari kuɗi. Jirgi mai kujera biyu, in an haɗa kuɗin akwatuna da inji da farfela da agoguna da fenti da kayan aiki, yakan tashi daga dala 50,000 zuwa sama da 100,000. Ku juya wannan zuwa naira da kanku, ni kaina ya yi nauyi. Ko can ƙasashen masu abin, yawancin iyali sai sun yi shekaru suna tsimi. Wani injiniya ɗan asalin Indiya mazaunin Ingila, wanda labarinsa ya bazu a jaridu, ya kafa rumfa a lambun gidansa lokacin kullen annobar korona a 2020, ya haɗa jirgi mai kujera huɗu tare da matarsa da 'ya'yansu mata biyu, ya tashi da shi a 2022. Abin da ya burge ni a labarin, shi da matar tare suka yi shawara, tare suka yi tsimin. Ba kowane gida ke samun haka ba. Masu wannan sana'a da kansu suna da ba'ar da suke yi wa juna game da auren da jirgi ya kashe, kuma jaridunsu cike suke da tallan jiragen da aka fara aka kasa gamawa. Maigida ya shige gareji shekara huɗu, yara ba sa ganinsa sai da ƙurar alminiyon a gashi, kuɗin makaranta ya koma kuɗin farfela. Wannan kam mun san irinsa a nan, sai dai mu namu ba jirgi ba ne. Tsohuwar mota ce da ke kwance a ƙofar gida tana cin kuɗin cefane, ko tattabaru, ko siyasa. Ra'ayina a nan ba shi da kwana: duk aikin sha'awa da zai ci dukiyar gida da lokacin gida shekara da shekaru, mace tana da bakin magana a cikinsa tun kafin a biya kuɗin akwatin farko, kuma namijin kirki zai nemi jin ta bakinta.

Kuma kuɗin da aka biya ba kullum yake da tabbas ba. A watan Disamba na 2023 kamfanin Van's kansa, duk da girmansa, ya shiga matsalar kuɗi har ya nemi kariyar kotu, bayan da aka sami tsagewa a wasu sassan da aka huda da wata sabuwar hanya. Mutanen da suka riga suka ba da kafin alƙalami sai da aka nemi su yarda da ƙarin farashi. Kamfanin ya farfaɗo a 2024, amma iyalai da yawa sun kwana cikin zullumi.

Na biyu rai. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, jirgi kuwa ba mota ba ne da za a faka gefen titi a buɗe gaba. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta fitar da nazari a 2012 wanda ya nuna jiragen haɗin gida kusan kashi 10 cikin 100 ne na ƙananan jiragen ƙasar, amma a 2011 su ke da kashi 15 na haɗurra, da kashi 21 na haɗurran da aka rasa rai. Ga misali ɗaya da ya kamata kowace mai ɗinki ta gane. Wani mashahurin mawaƙin Amurka, John Denver, ya mutu ran 12 ga Oktoba, 1997, a cikin jirgin da wani ya haɗa shi kuma ya saya. Mai zanen jirgin ya sa makunnin sauya tankin mai a gaban matuƙi, inda hannu ke kai wa. Wanda ya haɗa ya ga dabararsa ta fi, ya mai da shi bayan kafaɗar hagu. Da mai ya ƙare a tanki ɗaya, sai matuƙi ya juya jiki don ya kai hannu, ƙafarsa ta danne abin juya jirgi, jirgi ya kifa cikin teku. Sauyi ɗaya tak, na mutumin da ya ce shi ya fi takarda sani.

'Yan makarantar Afirka ta Kudu kuwa sun isa Alƙahira lafiya da jirgin da suka haɗa. Amma a hanyar komowa, cikin watan Agusta, jirgin rakiya da ke biye da su ya faɗi a ƙasar Tanzaniya, manyan matuƙa biyu suka rasu, ɗayansu mahaifin Megan ne. Wanda zai ba 'yarki labarin tafiyar ya tsallake wannan, bai yi mata adalci ba.

Saboda irin haka ne ƙasashen da suka yarda da wannan sha'ani suka kewaye shi da doka. A Amurka sai mai jirgi ya nuna shi ya yi mafi yawan aikin, abin da suke kira dokar kashi 51, kuma don ilmi ko nishaɗi ya yi, ba don haya ba. Yana ajiye littafi yana rubuta abin da ya yi kowace rana, da hotuna. Tsofaffin hannu na ƙungiya sukan zo su leƙa cikin fiffike kafin a rufe shi. In ya gama, sufeto ya zo ya bi jirgin daga hanci zuwa wutsiya. Ko an ba shi takarda, bisa al'ada sai ya yi awa 25 ko 40 yana gwaji a wani yanki da aka keɓe masa, ba fasinja, kafin ya ɗauki ko da matarsa. Sa'an nan dole a rubuta a jikin jirgin da manyan baƙaƙe cewa na gwaji ne, don duk mai shiga ya san abin da ya shiga. A Ingila ma akwai ƙungiyar da ke tura sufetocinta mataki mataki. A nan gida kuma babu jirgin da doka ta yarda ya tashi ba rajista da takardar hukumar jiragen sama.

Wannan shi ne ɓangaren da na fi so mu ɗauka, fiye da jirgin kansa. Muna da yara masu kai. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarfe, har ya ɗaga ƙafa kaɗan daga ƙasa, labarinsa ya zaga duniya. Irinsa suna nan birni da ƙauye, kowace shekara sai an nuno wani. Mukan taru mu yi tafi, a ɗauki hoto, wani babba ya yi alkawari, shi ke nan. Abin da yaran nan suka rasa shi ne zanen da aka riga aka gwada, da ƙarfen da aka san ƙarfinsa, da babban da zai leƙa ya ce, "Wannan ba ta yi ba, cire ka sake." Jirgin akwati kuwa duk ya zo da waɗannan. Shi ya sa makarantun sakandare da dama a Amurka suke sayen akwati guda, ɗalibai su shekara ɗaya ko biyu suna haɗawa ƙarƙashin malami, in an gama a sayar a sayo wani. Ba na ganin abin da zai hana jihohinmu biyu ko uku su haɗa kuɗi su yi haka a kwalejin fasaha ɗaya, da sharaɗin rabin ɗaliban su zama mata. Kuɗin bai kai na motocin rakiyar babban mutum guda ba. Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, bayan 'yan shekaru ta buɗe ta 'yan mata a Taura, kuma mun ga likitoci mata da irin waɗannan makarantu suka fitar. Abin da aka yi don asibiti ana iya yinsa don rumfar jirgi.

Na san abin da ke zuciyar uwar nan da ta yi tsawa, kuma ban raina shi ba. Tsoro take kada 'yarta ta tashi ba kunya, ta saba da zama cikin maza, ta rasa miji. Amma ku duba da kyau. Rumfar haɗa jirgi wuri ne na tsabta da natsuwa, an fi ɗakin girki shara, gama ƙusa ɗaya da ta ɓace sai an nemo ta kada ta kwana cikin fiffike. Ana iya yin ajin mata zalla, kamar yadda aka yi a Kpong. Mayafi ba ya hana riƙe sufana, sai dai a ɗaure shi tamau kada na'ura ta kama, yadda mai niƙa ma take yi. Maganar miji kuwa, ban taɓa jin namijin da ya saki mace don ta iya gyara injin ban ruwa ko janareto ba. Na dai ga gidaje inda keken ɗinki ya shekara a rufe, jarin mace ya mutu, saboda ɗan ƙaramin sukuru ya kwance kuma babu mai kai shi wurin gyara.

Ku kuma 'yan makaranta, 'ya'yana, ga taku. Littafin haɗa jirgi da Turanci yake, cike da awo na inci da gutsattsarinsa, kashi ɗaya cikin 32, kashi uku cikin 32. Wadda ta gudu daga lissafin ɓangare a aji huɗu ba za ta iya karanta shafi ɗaya ba. Ku riƙe lissafi, ku riƙe fiziks, in makarantarku ana koyar da zanen fasaha ku shiga ko da ke kaɗai ce mace a ajin. Akwai kwalejin horon ma'aikatan jirgin sama a Zariya tun 1964, kuma ba tuƙi kaɗai ake koya ba, har da gyaran jirgi da kula da zirga-zirgarsa. A can Chinyere Kalu ta yi karatu, mace ta farko a Nijeriya da ta zama matuƙiyar jirgin sama, a 2011 kuma aka naɗa ta shugabar kwalejin. Daga Kano ko Katsina ko Gusau zuwa Zariya tafiyar yini ɗaya ba ta cika ba.

Jirgin karan nan yana nan bisa kabad ɗina. Ranar suna na koma gidan, na ja uwar gefe na ce, "Maman yara, ki ba ni aron 'yar nan ran Asabar, kekena na ɗinki yana tsallake zare." Ta yi dariya ta ce me yarinya ta sani. Ta dai turo ta. Na ba ta sukudireba da ɗan faranti, na ce duk sukurun da ta kwance ta jera shi bi da bi yadda ya fito, kada ta taɓa na gaba sai ta gane inda na baya ya zauna. Muka buɗe ƙasan keken, muka iske zare ya cushe a bayan ƙoshiya. Ita ta zaro shi, ita ta mai da sukurorin, guda huɗu, babu wanda ya ragu a faranti. Asabar mai zuwa fankar ɗakina za mu sauke, in uwar ta yarda.